Roba, ƙwaya ko aiki: zaɓin da ke gaban dattijon da fitsari ya tsaya masa

Wajen ƙarfe biyu na dare ɗan kawuna ya kira ni, muryarsa na rawa. Ya ce tun la'asar Kawu bai yi fitsari ba, ya ɗauki buta ya fi sau goma, sai ɗigo ɗaya biyu. Lokacin hunturu ne, kuma kwana biyu ke nan yana shan maganin mura da aka sayo masa a kemis. Na tarar da mutumin da ko ranar da aka cire masa haƙori bai ce uffan ba, yana durƙushe ya dafa bango, gumi na tsiyaya a cikin wannan sanyi. Na ɗora hannu ƙasan cibiyarsa, na ji mara ta taso ta yi tauri kamar an kifa ƙwarya. A asibiti aka zura masa roba, fitsari ya fito kusan lita guda. Kafin a gama ɗaure jakar a jikin gado barci ya yi awon gaba da shi.

Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin tiyatar maza, irin wannan dare na gan shi ba adadi. Sa roba aikin minti biyar ne. Rigimar da safe take farawa, idan 'ya'ya suka taru a baranda. Wannan ya ce a yi aiki kawai a huta. Wancan ya ce aiki a waɗannan shekaru ganganci ne. Wata ta ce maƙwabcinsu shekara uku yana yawo da roba kuma ga shi nan yana zuwa kasuwa. Kowa da hujjarsa, shi kuwa mai ciwon yana kwance yana kallon silin, kunya ta hana shi tambayar abin da ya fi damunsa.

Hanyoyin ba su da yawa: ƙwaya, roba ta gaba da ake bari a jiki, roba ta mara, roba ta sa-ka-cire, sai aiki. Amma kafin a auna su, dole a san me ya tsayar da fitsarin, don abin da ya dace da wani yana iya zama asarar kuɗi ga wani.

Injin ne ya gaji ko tiyo ne ya toshe?

Mafitsara jaka ce ta tsoka. Idan ta tara kamar leda ɗaya ta fiya wata, wato rabin lita, mutum zai ji ya matsu. Daga ƙasanta hanyar fitsari ta tashi, kuma a jikin namiji wannan hanya tana ratsa tsakiyar wani ɗan ƙullutu mai girman goro da likitoci ke kira firostet, wanda ke samar da wani sashe na ruwan maniyyi. Bayan shekara 40 yakan fara girma a hankali. Kusan rabin mazan da suka kai 60 nasu ya girma, a cikin 'yan 80 kuwa mafi yawansu. Wannan girma ba ciwon daji ba ne, amma yana matse hanya. Mutum ya tsuguna sai ya jira, fitsari ya fito siriri yana yankewa, ya tashi sau uku sau huɗu da dare, ya gama tsarki ya miƙe sai ɗigo ya biyo baya ya ɓata masa wando. A wajenmu duk wannan sunansa basir ko sanyi, kuma masu lasifika a tasha sun san haka sarai.

Ana cikin wannan lallaɓawa sai wani ƙaramin abu ya zo ya ƙarasa toshewar. Maganin mura da na ƙaiƙayi irin su Piriton, maganin murɗawar ciki irin su Buscopan, taramol da kodin, taurin bayan gida, doguwar tafiya a mota mutum na riƙe fitsari, ko allurar gadon baya bayan wani aikin daban. Irin na Kawu ke nan. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne a garzaya kemis a yi wa mutum allurar Lasix wai ta sa shi fitsari. Ƙoda za ta ƙara turo ruwa cikin jakar da ƙofarta ke rufe. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Akwai kuma wani iri mai shiru, wanda ni ya fi ba ni tsoro. Mafitsara tana buɗewa a hankali cikin watanni, ta riƙe lita ɗaya ko biyu babu zafi. Dattijo yana fitsari kaɗan-kaɗan, don haka ba wanda ya lura, har sai ya fara jiƙa shimfiɗa da dare, abinci ya fita ransa, ƙafa ta kumbura. A lokacin fitsari ya riga ya koma sama ya danne ƙoda.

Duk wanda ya yi noman rani ya san ruwa na iya ƙin zuwa gona ta hanya biyu: ko tiyo ya toshe, ko injin ya mutu. Girman firostet toshewar tiyo ne. Haka ƙunƙuncewar hanyar fitsari da ke biyo bayan tsohon ciwon sanyi na jima'i ko rauni, haka dutse, haka gudan jini, wanda a garuruwan da ke bakin madatsun ruwa tsohuwar tsargiya kan jawo. Amma mai ciwon suga da ya daɗe, da wanda ya karye a gadon baya, da wasu masu shanyewar ɓarin jiki, su injin ne ya gaji: jijiyar da ke umartar mafitsara ta matse ta yi rauni. Irin wannan ko an yi masa aikin firostet sau biyu, fitsari ba zai zo yadda ake so ba.

Shi ya sa nake gaya wa 'yan uwa kada su yanke komai sai an yi abu huɗu: gwajin jini na ƙoda, hoton ciki da zai nuna girman firostet da halin ƙoda da ko akwai dutse, gwajin fitsari, da dubawar likita da yatsa ta dubura. Wannan na ƙarshe shi ake kai ruwa rana a kai. Kawu cewa ya yi, "Kai yaro, da girmana?" Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Minti ɗaya ne, kuma ni zan fita." Yatsan nan yana jin taurin da ke sa a yi zargin daji. Gwajin jini na PSA kuwa, wanda ake neman alamar dajin firostet da shi, gara a jinkirta shi 'yan makonni, domin tsayawar fitsari da sa roba da ƙwayar cuta duk suna ɗaga shi, a tayar wa iyali hankali a banza.

Abu ɗaya ne ba ya jira: idan tsayawar fitsari ta zo da ciwon baya mai tsanani, da mutuwar jiki tsakanin cinyoyi ko raunin ƙafa, wannan alama ce an danne jijiyar gadon baya, a nemi babban asibiti a ranar.

Ƙwaya

Iri biyu ce, kuma aikinsu ya bambanta ƙwarai. Ta farko, tamsulosin mai nauyin miligiram 0.4, ko 'yar uwarta alfuzosin, tana sassauta tsokar da ke wuyan mafitsara da cikin firostet. Ba ta rage girman komai, ƙofar kawai take saki, kuma cikin kwanaki ake jin aikinta. Abin da aka saba yi shi ne a sa roba, a fara wannan ƙwaya, bayan kwana biyu uku ko mako guda a cire robar a ga ko mutum zai yi fitsari da kansa. Kusan shida cikin goma sukan yi nasara a wannan gwaji. Wanda wani dalili bayyananne ya tsayar masa, kamar maganin mura ko taurin bayan gida, kuma abin da aka kwashe bai kai lita ba, ya fi samun sa'a. Wanda aka kwashe masa fiye da lita, ko ya tsufa ainun, sa'arsa ta ragu. Wanda ƙodarsa ta taɓu kuwa ba a ma yi masa wannan gwaji, robar na nan har a yi aiki.

Illarta jiri ce, musamman idan mutum ya miƙe da sauri, kamar tashin asuba. Mai shan maganin hawan jini ya zauna bakin gado tukuna kafin ya miƙe. Tana kuma rage fitar maniyyi ga wasu. Sannan wani abu da ake mantawa: duk wanda za a yi wa aikin yanar ido ya gaya wa likitan ido yana shan tamsulosin ko ya taɓa sha, domin tana sa baƙin ido ya saki lokacin aikin. Dattijon da ke da firostet sau da yawa shi ne mai yanar ido.

Ta biyu, finasteride ko dutasteride, ita ce ke rage girman ƙullutun, da kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Sai dai tafiyar hawainiya gare ta, wata shida kafin a ga amfaninta. Mutane da yawa suna sha wata ɗaya su ce ba ta aiki su watsar. Ta fi amfani ga mai babban firostet, kuma akan haɗa ta da ta farkon. Tana iya rage sha'awa, tana kuma raba sakamakon PSA biyu, don haka mai duba gwajin ya san ana shan ta. Mace mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar.

Daɗin ƙwaya shi ne babu yanka, babu kwanciya asibiti, babu roba. Rashin daɗinta shi ne ba ta da ranar gamawa. Ka daina, ciwo ya dawo. Kuɗin wata-wata ne har ƙarshen rayuwa, kuma ko ana sha fitsari na iya sake tsayawa. Idan ya tsaya sau biyu mutum yana kan magani, ni a ganina ƙwaya ta gama nata.

Robar da ake bari a jiki

Wannan ita kowa ya sani. Wani likitan Amurka mai suna Frederic Foley ne ya fito da ita a shekarun 1930: siririyar roba mai ɗan balo a baki, wanda ake hurawa da ruwa idan ta shiga mafitsara don kada ta zame. A daren da fitsari ya tsaya, babu abin da ya kai ta. Matsalar ita ce abin da aka ce na wucin gadi yakan zauna daram. An ce a dawo a yi aiki, kuɗi bai haɗu ba, ko tsoro ya hana, sai a shiga zuwa canji duk wata. Wata ya zama shekara.

Ga abin da shekarar ke ƙunshe da shi. Ƙwayoyin cuta suna bin jikin roba su hau, kuma kafin wata guda kusan duk mai roba yana da su a fitsarinsa, komai tsaftarsa. Yawanci suna zaune lafiya, shi ya sa ba daidai ba ne a riƙa ɗirka wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta duk sanda fitsari ya yi duhu ko wari, hakan taurin kai kawai yake koya musu. Amma wata rana sukan tashi: zazzaɓi mai rawar ɗari, ciwon kwiɓi, kumburin maraina, ko dattijo ya rikice ya daina gane mutane. Wannan na asibiti ne nan take. Bayan haka akwai toshewa da dusar fitsari, da dutse da ke taruwa a mafitsara, da murɗawar mara mai sa fitsari ya ɓullo ta gefen roba, da tsagewar bakin gaba a hankali idan robar na rataye tana ja. Hanyar fitsarin kanta tana iya ƙunƙuncewa daga baya, musamman idan wanda bai ƙware ba ya tura da ƙarfi.

Wani dattijo da ke zuwa mana canji yakan naɗe jakar fitsarin a baƙar leda ya cusa a aljihun gaba na 'yar ciki, daidai ƙirji, don kada a gani a masallaci. Na fahimce shi sarai. Sai dai ruwa ba ya hawa tudu. Jakar tana sama da mafitsara, fitsari ba ya gangarowa, wanda ya fito ma komawa yake. Da muka samo masa ƙaramar jaka da ake ɗaurewa a cinya ƙarƙashin wando, ciwon mararsa ya ragu, ya kuma koma sahun gaba. Wasu akan ba su ɗan marfi a bakin robar maimakon jaka, su buɗe duk bayan awa uku huɗu. Yana da sauƙin ɓoyewa, amma bai dace da wanda ƙodarsa ta taɓu ba.

Robar yau da kullum, mai ruwan ɗorawa, bai kamata ta wuce mako huɗu ba. Ta silikon, fara mai tsada, tana kaiwa har mako 12, kuma idan aka lissafa kuɗin mota da na canji sau uku, sau da yawa ita ce mai araha. A wanke wurin da ruwa da sabulu kullum, a manne robar a cinya, a sha ruwa sosai in dai likita bai ƙayyade ba saboda zuciya ko ƙoda. Da azumi na lura roba ta fi toshewa, don haka mai roba ya tattauna da likita da malami kafin wata ya kama. Kuma kada kowa ya ja ta da balon a hure. Na ga wanda ya rikice da dare ya fizge tasa, jinin da ya biyo baya ba na son tunawa.

Maganar salla ita ce tambayar da ake yi mini a ɓoye bayan 'ya'ya sun fita. Abin da na sani daga malamanmu na Malikiyya shi ne fitsarin da ke fita ba da ikon mutum ba a mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, an dai so ya sabunta ta a kowace salla. Sauran bayani a nemi malami, amma kada roba ta sa dattijo ya ɗauka sallarsa ta ɓaci.

Wa ta dace da shi na dindindin? Wanda jikinsa ba zai ɗauki aiki ba, wanda ke kwance, wanda ba shi da hannu ko mataimakin da zai yi masa sa-ka-cire. Ga waɗannan, da babu gara ba daɗi. Ga mutum mai ƙarfi da ke hawa babur ya je gona, zama da ita shekaru ba tanadi ba ne, bashi ne ake tarawa.

Robar mara ita ma zaunanniya ce, sai dai ta ɗan rami ake shigar da ita, yatsa biyu sama da ƙashin mara. Ana yin ta idan ta gaba ta ƙi shiga saboda ƙunƙuncewa, ko idan an san mutum zai daɗe da roba. Ba ta cin bakin gaba, canjinta bai kai zafi ba, tsarki ya fi sauƙi, kuma mai iyali yana iya kusantar iyalinsa. Ƙwayar cuta da dutse kuwa suna nan yadda suke. Sa ta ta farko ƙaramin aiki ne da ke son ƙwararre, don hanji na kusa. Idan ta fita, ramin yana rufewa cikin sa'o'i, don haka wanda ƙauyensa ke da nisa da asibiti ya ajiye sabuwa a gida, ya san wanda zai mayar masa. Da za a ce in zaɓa wa mahaifina tsakanin zaunannun biyu na shekaru, ta mara zan ɗauka.

Sa-ka-cire, wadda ba a cika tallata ta ba

A 1972 wani likita a Jami'ar Michigan, Jack Lapides, ya nuna cewa mutum zai iya zura wa kansa siririyar roba marar balo, ya kwashe fitsari, ya zare, ba tare da kayan ɗakin tiyata ba. Wanke hannu da sabulu, tsabtatacciyar roba, da man santsi na asibiti sun isa. Hujjarsa ita ce mafitsarar da ke cika tana buɗewa ta fi jawo cuta a kan ɗan abin da roba mai tsafta za ta shigar. Ana yi sau huɗu zuwa shida a rana, yadda abin da ake kwashewa ba zai wuce rabin lita ba. Ni nakan ce wa marasa lafiya su ɗaure shi da lokutan salla, su ƙara ɗaya kafin barci. Ba sa mantawa.

Tsakanin wannan lokaci da wancan babu komai a jikin mutum. Babu jaka, babu wari, babu abin ɓoyewa. Mafitsara na cika tana saukewa kamar yadda ta saba, kuma wadda ta gaji saboda buɗewa wani lokaci takan farfaɗo. Ga mai ciwon suga da mai raunin gadon baya ita ce gaba da kowace, haka macen da fitsari ya tsaya wa bayan haihuwa mai wuya. Ga mai jiran ranar aiki ma ta fi zaunanniya.

Duk wanda na fara yi wa bayani sai ya zare ido ya ce shi ba zai iya ba. Mafi yawansu kafin kwana uku sun iya. Amma tana da sharuɗɗa: ido mai gani, hannun da ba ya rawa, hankali cikakke, ruwa mai tsafta, da wurin da mutum zai keɓe. Gidan da banɗaki ɗaya ne ga mutum ashirin kuma babu fitila, abin da wuya. Man kaɗanya ko basilin ba sa maye gurbin man santsin. Idan firostet ya yi girman da roba ke tokarewa tana jawo jini, a haƙura da ita.

Aiki

Aiki ne kaɗai ke kawar da abin da ya toshe hanya. Iri biyu aka fi samu a ƙasashenmu. Na farko, wanda ake kira TURP, babu yanka a ciki: ana bi ta gaba da na'ura mai ido, a riƙa kankare cikin firostet kaɗan-kaɗan har hanya ta buɗe. Ya fi dacewa da wanda nasa bai wuce giram 80 ba, kuma kwana biyu zuwa huɗu an sallami mutum. Na biyu shi ne a buɗe mara a ƙwaƙulo cikin ƙullutun da yatsa, kamar a cire ƙwallon mangwaro a bar ɓawo. Tsohon aiki ne, tun wajen 1900 likita Freyer ya shahara da shi a Landan, amma har yau shi ne na manyan firostet, kuma da yake mutanenmu ba sa zuwa sai abu ya ƙasaita, ana yin sa sosai. Kwanciyarsa takan kai mako ɗaya ko fiye, zubar jininsa ya fi yawa, don haka a tanadi masu ba da jini tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai na hasken lesa da ke iya kowane girma da ƙarancin jini, sai dai wuraren da ke yin sa kaɗan ne kuma da tsada. Sassan likitocin mafitsara suna nan a asibitocin koyarwa na Kano, Shika, Sakkwato da Maiduguri, a Kano kuma akwai cibiyar Abubakar Imam da wannan ne aikinta.

Yawanci allurar gadon baya ake yi, mutum idonsa biyu. Abin da ke yanke ko zai iya ɗauka shi ne zuciyarsa da huhunsa da ƙodarsa da yawan jininsa, ba adadin shekarunsa ba. Na ga ɗan 80 ya tashi garau, na ga ɗan 60 da aka ɗage wa saboda suga da hawan jini sun ƙi daidaita. Mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini ya faɗa tun da wuri.

Yanzu ga maganar da 'ya'ya ba sa yi a baranda, amma ita ke cin mai ciwon. Bayan aikin, mafi yawan maza, kamar bakwai cikin goma, maniyyinsu ba ya fitowa waje, cikin mafitsara yake komawa ya fita da fitsari daga baya. Ba ya cutar da jiki, kuma ƙarfin namiji da jin daɗi yawanci suna nan yadda suke kafin aiki. Amma haihuwa takan yi wuya. Ga mutumin da ke da amarya mai ƙuruciya kuma yana son ƙarin 'ya'ya, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma hakkinsa ne a gaya masa a keɓe kafin ya sa hannu. Na ga wanda ba a gaya wa ba, ya dawo bayan wata uku yana zargin an kashe masa mazakuta.

Sauran abubuwan: fitsari da jini-jini na 'yan makonni, matsuwa da ɗiga a farko wanda yakan tafi, da kaɗan ƙwarai, ɗaya ko biyu cikin ɗari, da ɗigar ke zame musu ta dindindin. Wasu hanyar takan ƙunƙunce daga baya, wasu ƙullutun ya sake tsirowa bayan shekaru. Wata ɗaya zuwa mako shida babu ɗaukar kaya, babu babur, babu yunƙurin bayan gida. Kuma a tabbata an kai naman da aka cire gwaji, an karɓo sakamako. Mutane kan ji sauƙi su manta da wannan takarda, alhali wani lokaci a nan ake gano daji da wuri. Da yake ɓawon na nan, aikin ba ya hana daji zuwa nan gaba.

Kuɗinsa a dunƙule ne, shi ke ba da tsoro. Amma duk iyalin da ke jinkiri saboda kuɗi, ina roƙonsu su zauna da biro su haɗa kuɗin roba da jaka da mota da magani na wata 24, su ɗora kwanciya asibiti ko sau ɗaya saboda zazzaɓin fitsari. In ƙoda ta lalace aka shiga wankin ƙoda kuwa, lissafi ya tashi daga hannun talaka. Mai inshorar lafiya ta ma'aikata ko ta jiha ya tambaya tun farko me ta ɗauka.

Da za a tambaye ni a baranda, ga yadda nake rarrabewa. Karo na farko, ƙoda lafiya, akwai dalilin da ya tayar: ƙwaya, a gwada cire roba. Ya sake tsayawa a kan magani, ko akwai dutse, ko jini mai maimaituwa, ko ƙoda ta fara taɓuwa, kuma jiki zai ɗauka: aiki, a sa rana, kada a bar shi a "sai an samu hali". Injin ne ya gaji: sa-ka-cire. Jiki ba zai ɗauki aiki ba kuma hannu ba zai iya ba: roba zaunanniya, gara ta mara, gara ta silikon.

Kawu ya ci gwajin farko. Wata bakwai yana kan ƙwaya lafiya lau, har ya fara cewa ya warke. Sai aka yi rasuwa a Gusau, ya shiga mota tun safe, ya ji kunyar ce wa direba ya tsaya. Daren nan aka sake sa masa roba, kuma wannan karon da aka cire fitsari bai zo ba. Hoto ya nuna firostet ɗinsa ya haura giram 100, don haka buɗewa aka yi. Kafin ya sa hannu na kori kowa daga ɗakin na gaya masa maganar maniyyi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Ya'ya goma sha ɗaya, ai Alhamdulillahi. Kawo biron." Kwana tara ya yi a gado. Ranar da aka cire robar ya shiga banɗakin ɗakin da buta, muna tsaye a waje ni da ɗansa kamar masu jiran haihuwa, sai muka ji ƙarar fitsari a kan siminti. Ya fito yana gyara hula, ya dubi ɗan nasa ya ce, "Je ka gaya wa uwarka ta dama mini fura."